Yadda Ake Duba Filtar Iskar Babur Ba Tare da Kwance Ta Ba

Injin babur yana shan iska fiye da yadda yake shan fetur, nesa ba kusa ba. Kafin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya nasa yana buƙatar giram 14.7 na iska, kuma da yake iska ba ta da nauyi sosai, lissafin yana nuna cewa lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. Dukkan wannan iska sai ta ratsa ta cikin filta kafin ta isa silinda, ɗauke da duk abin da ta kwaso a hanya. Kaso mai yawa na ƙurar hanya ɓarɓashin yashi ne, shi kuwa yashi ya fi ƙarfen da aka saba yin bangon silinda da shi tauri, saboda haka idan ya sami hanyar shiga sai ya gauraya da baƙin mai, ya riƙa cin silinda da zobban fistin da mazaunin bawul a hankali, har ranar da injin zai fara shan baƙin mai yana fitar da hayaƙi.

Mai babur zai iya tambaya, to me zai hana a riƙa buɗe akwatin filtar kowane mako a duba? Abin da zai hana shi ne buɗewar ma tana da nata lahanin. Duk lokacin da aka ɗaga murfi aka zaro filta, ƙurar da ta taru a bakin akwatin da kan filtar tana iya zubowa ɓangaren da ya kamata ya zauna da tsabta. Robar da ke zagaye da gefen filtar tana sakin jiki ko ta karkace idan aka yawaita cirewa da mayarwa, ramukan sukurori kuma, waɗanda galibi a jikin roba aka huda su, suna cinyewa har su daina kamawa. A wasu baburan, musamman manya, akwatin yana ƙarƙashin tankin mai, ta yadda sai an ɗaga tanki an cire tiyo da wayoyi kafin a kai gare shi. Don haka yana da kyau mutum ya iya karanta halin da filtarsa take ciki daga waje, ya ajiye buɗewa sai lokacin da ta zama dole.

Kafin komai, a riƙe cewa lalacewar filta iri biyu ce, kuma alamominsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce toshewa, wato ƙura ko ruwa ko mai ya cika filtar har iska ba ta wucewa yadda ya kamata. Ta biyu ita ce ɓulewa, wato iska ta sami wata hanyar da za ta kauce wa filtar, ko ta yagewar jikinta, ko ta gefenta da bai zauna daidai ba, ko ta tsagewar roba a bayanta. Toshewa tana rage ƙarfin babur, tana ƙara shan mai, kuma tana bayyana kanta ga mai lura. Ɓulewa kuwa shiru take yi, babur yana tafiya lafiya lau a ido, alhali yashi yana shiga silinda kowace rana. A ganina ita ce ta fi cancanta da a ba ta lokaci wajen dubawa, ko da yake yawancin masu babur toshewa kawai suke nema.

Shiri kafin dubawa

Ka fara da littafin da ya zo da babur ɗinka, domin shi zai nuna maka inda akwatin yake, da irin filtar da ke ciki, da yawan kilomitar da aka ƙayyade mata. A babura da yawa akwatin yana ƙarƙashin sirdi ko bayan murfin gefe. A ƙananan babura masu tafiya da bel, waɗanda ba a sa musu giya da ƙafa, yana gefen hagu a saman gidan bel ɗin, kuma wasunsu suna da wata ƙaramar filta dabam ta sanyaya bel, wadda bai kamata a ɗauke ta a matsayin ta inji ba. Ɗaga sirdi ko cire murfin gefe ba ya cikin kwancewar da muke gudu, tun da bai taɓa akwatin kansa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai haske sosai, ƙaramin madubi, wayar hannu mai kyamara, da farin ƙyalle mai tsabta. Ka tsayar da babur a wuri mai faɗi inda iska ke kaɗawa, a kan ƙasa mai tauri, injin a kashe kuma ya huce. Kada ka goge jikin akwatin tukuna, domin yadda ƙura ta kwanta a kansa yana cikin abin da za ka karanta.

Leƙawa ta bakin shigar iska

Kowane akwatin filta yana da baki, wanda sau da yawa wani ɗan bututun roba ne da ke fuskantar baya ko ƙasa domin kada ruwan sama ya shiga kai tsaye. Ka fara tabbatar da cewa babu abin da ya tare shi. Wannan ƙaramin abu ne, amma yana yawan faruwa: mutum ya cusa tsumma ko leda ko takardun babur a ƙarƙashin sirdi, injin ya zuƙo su suka manne a bakin, babur ya rasa ƙarfi, a ɗora wa filta ko kafireta laifi. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye kuma yana iya samun ɓera ya yi sheƙa a ciki, ko zanzaro ya yi gininsa a bututun. Idan ka ga guntayen ciyawa, ko kashin ɓera, ko gutsattsarin soso a bakin, babu sauran gwaji, sai buɗewa, domin ɓera yana cin filta.

Daga nan sai ka haska tocila ciki, ka sa madubi a karkace idan bututun ya lanƙwashe, ko ka kunna hasken kyamarar waya ka ɗauki bidiyo kana juya ta a hankali. Akwai kuma siririyar kyamara mai doguwar waya wadda ake jona wa wayar hannu, kaurin kanta tsakanin milimita 5.5 zuwa 8, kuma ita ce ta fi dacewa da baburan da akwatinsu ke ƙarƙashin tanki. Idan za ka yi amfani da ita, ka zura ta a hankali injin a kashe, kuma da zarar ka hango fuskar filtar ka tsaya, kada kanta ya tokare takardar ya huda ta.

Abin da za ka nema ya danganta da irin filtar. Idan ta busasshiyar takarda ce mai ninki-ninki, kada launinta ya ruɗe ka. Filtar da ta yi launin toka ko ja-ja saboda ƙura ba lallai ta gama aiki ba, hasali ma siririn shimfiɗin ƙurar da ke kanta yana taimaka mata kama ƙananan ɓarɓashi fiye da lokacin da take sabuwa fil. Abin lura shi ne zurfin ninkin. Muddin kana ganin kwarin da ke tsakanin ninki da ninki a buɗe, iska tana da wurin wucewa, amma idan ƙura ta cike kwarin har ta kusa daidaita da tudun, ko ta daskare ta zama ɓawo, lokacin canji ya yi. Ka duba kuma ko ninkin yana tsaye a jere ko ya lanƙwashe ya manne da juna, domin lanƙwashewa da tabo mai zobe alama ce ta cewa ruwa ya taɓa ta. Takardar da ta jiƙe tana kumbura ta toshe, bayan ta bushe kuma ƙarfinta ya ragu, tana iya yagewa a kowane lokaci. Baƙin tabo mai kama da ƙuna yana nuna cewa injin ya taɓa mayar da wuta baya ta kafireta.

Akwai wata filtar takarda da ake shafa mata mai tun daga masana'anta, irin wadda Honda take sa wa baburanta da dama. Ita wannan tun tana sabuwa tana da maiƙo, ƙura tana manne mata da sauri, don haka tana yin duhu da wuri ba tare da ta toshe ba. Ba a wanke ta, ba a hura mata iska, canja ta kawai ake yi idan kilomitarta ta cika, ko kafin haka idan ƙurar ta yi kauri.

Filtar soso kuwa ƙarfinta yana ga man da ke jikinta, domin ramukan soso sun fi ƙwayar ƙura girma, man ne yake kama ta. Idan yatsanka yana kaiwa gare ta ta bakin akwatin, ka taɓa ta a hankali. Soso mai lafiya yana da danƙo-danƙo, yana komawa yadda yake bayan an danna shi. Idan yatsan ya fito da busasshen gari, man ya ƙare ko ƙura ta rufe shi, kuma tana buƙatar wanki da sabon mai. Idan kuwa soson ya lotsa bai dawo ba, ko ya marmashe a yatsa, to ya tsufa, kuma wannan ya fi toshewa haɗari, saboda gutsattsarinsa suna shiga kafireta su bar rami a baya. Soso yana ruɓewa da shekaru ko da ba a hawa babur ɗin, saboda haka ƙarancin kilomita ba hujja ba ce ta cewa yana nan lafiya. Ita kuma filtar auduga mai ragar waya, irin ta kamfanin K&N, ana shafa mata jan mai, kuma ma'auninta mai sauƙi ne: muddin ana ganin ragar wayar a ko'ina ba ta buƙatar wanki, idan ƙura ta binne ragar a wani sashe lokaci ya yi.

Duk abin da ka gani, kada ka yi ƙoƙarin gyara shi ta wannan bakin. Hura iska mai ƙarfi a ciki tana tura ƙurar cikin jikin takardar ne, wani lokaci ma ta huda ta. Bubbuga akwatin, ko zura sanda, ko fesa ruwan wanke kafireta, duk ɓarna suke ƙarawa.

Daga akwati zuwa kafireta

A nan ne ya kamata ka rage gaggawa. Duk abin da ke tsakanin filta da inji ɓangare ne mai tsabta, kuma kowace ƙofa da ta buɗe a wurin, komai ƙanƙantarta, iska marar tacewa ce take shiga. Mafi muhimmanci ita ce babbar robar da ta haɗa akwati da kafireta, ko da bututun totur a babur mai injekta, wato wanda na'ura ke fesa masa fetur a maimakon kafireta. Ka haska ta da tocila, ka matsa ta da yatsu a hankali ta kowane gefe, domin tsagewar roba takan ɓuya a cikin lanƙwasa, ba a ganinta sai an ɗan buɗa ta. Robar da ta yi tauri kamar itace, ko ta yi ƙananan tsage-tsage a fuska, ta kusa ƙarewa ko da ba ta ɓule ba tukuna. Sannan ka kama ta kusa da maɗaurin ƙarfen da ke matse ta ka gwada murɗawa: idan ta juya a kan bakin kafiretar, maɗaurin ya saki.

Ka sa madubi ka duba bayanta da ƙarƙashinta, wato wuraren da ido ba ya kaiwa. Bayan an cire kafireta an wanke an mayar, abu ne mai sauƙi leɓen robar ya zauna daidai ta gaba amma ya naɗe ta baya, a ɗaure maɗaurin a haka, a bar ɗan gibi da ba wanda zai gani. Duk wanda aka yi wa aikin kafireta, ina ba shi shawara ya yi wannan dubawar a ranar, kafin ya yi nisa da babur ɗin.

Daga nan ka bi layin da murfin akwatin ya haɗu da jikinsa. Ratar ya kamata ta zama iri ɗaya a zagaye, sukurori ko maƙalai kuma su cika, domin rashin guda ɗaya kawai yana iya sa kusurwar murfin ta ɗaga, filtar ta daina matsuwa a mazauninta. Ka ƙirga ƙananan tiyo da ke shiga akwatin: akwai na numfashin inji, a wasu baburan akwai wanda ke kai iska wajen salansa, a masu injekta kuma akwai na'urar auna zafin iska da ke cuse a jikinsa. Kowanne ya kamata ya zauna daram a raminsa. Idan babur ya taɓa faɗuwa, ka duba jikin akwatin kansa ko ya tsage, musamman kusa da inda aka ɗaure shi da ƙarfen babur. Yanayin ƙurar da ke waje yana taimakawa a nan, domin inda ka ga ta taru ta yi baƙi da maiƙo a zagayen wata mahaɗa alhali sauran wurin busasshe ne, to tururin mai yana fita ta nan, kuma inda tururi ke fita, iska ma tana shiga.

Dalilin da ya sa wannan ɓulewa ba ta nuna alama yana da kyau a fahimce shi. Zuƙa mai ƙarfi tana tsakanin totur da inji ne, shi ya sa tsagewa a can take sa silo, wato juyin inji lokacin da ba a murɗa totur ba, ya hau ko ya ƙi sauka, babur ya riƙa tari ta salansa idan aka saki totur. A gaban totur kuwa, wato ɓangaren filta, zuƙar ba ta da ƙarfi, don haka rami a wurin ba ya canja sautin inji sosai. Amma da zarar filtar ta fara toshewa, zuƙar wannan ɓangaren tana ƙaruwa, iska kuma kullum hanya mafi sauƙi take bi, sai ta koma shiga ta ramin. Ke nan toshewar filta tana ƙara wa ɓulewa ƙarfi, ita kuma ɓulewar tana ɓoye alamun toshewar, babur ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya same shi.

Tiyon da ke ƙasan akwati

Yawancin akwatunan filta suna da ɗan gajeren tiyo a ƙasa, sau da yawa fari ne da ake ganin cikinsa, da marfi ko maƙali a ƙarshensa. An yi shi ne domin tara mai da ruwan da ke taruwa a akwatin, kuma zubar da shi aiki ne na yau da kullum da ba ya buƙatar buɗe komai. Ka ajiye farin ƙyallen a ƙasa, ka cire marfin, ka duba abin da ya zubo. Ɗan baƙin mai kaɗan, ko ruwa-ruwa mai launin madara, ba abin damuwa ba ne, musamman bayan tafiya cikin ruwan sama ko doguwar tafiya da gudu. Idan man ya yi yawa har tiyon ya cika, to ko an zuba wa inji baƙin mai ya wuce ƙima, ko babur ya kwanta a gefensa, ko zobban fistin sun ci suna barin hayaƙi ya turo mai sama, kuma a kowane hali akwai yiwuwar filtar ta jiƙe da shi. Ruwa zalla mai yawa yana nufin ya shiga ta baki, wajen wanki ko ratsa kududdufi. Warin fetur kuma yana nuna kafireta tana ambaliya.

Ka murza abin da ya zubo tsakanin yatsu biyu. A baburan da tiyon ya fito daga ɓangaren bayan filta, jin tsakuwa-tsakuwa a yatsa shaida ce ta cewa ƙura tana tsallake filtar, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin buɗewa. Littafin babur ko bin tiyon da ido zai nuna maka daga wane ɓangare ya fito. Kada ka manta da mayar da marfin, domin tiyo marar marfi shi ma ƙofa ce ta ƙura.

Abin da inji yake faɗa

Bayan ka gama da ido sai ka tayar da babur, a fili, ba a cikin rufaffen ɗaki ba, saboda hayaƙin salansa yana da iskar da ke kisa ba tare da wari ba. Ka bar shi ya yi zafi yana silo, sannan ka rufe bakin shigar iska da tafin hannunka tsirara na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kada ka yi amfani da tsumma ko leda, domin injin zai iya zuƙe su. Idan akwatin a rufe yake da kyau, za ka ji yana jan tafin hannunka, injin ya shaƙe ya nemi mutuwa. Idan kuwa ya ci gaba da silo ko gezau, iska tana shiga ta wani wuri, sai ka koma ka sake bin roba da tiyo da murfi, bayan ka tabbatar cewa akwatin ba mai baki biyu ba ne. Sau ɗaya ko biyu ya isa, domin a babur mai kafireta rufe bakin yana jawo fetur da yawa ya jiƙa fulogi. Wannan gwajin akwatin yake aunawa, ba ya nuna yagewar filtar da ke cikinsa.

Silo ba ya nuna toshewa, kuma lissafi ya bayyana dalili. Injin mai cc 150, irin wanda ke zuƙa sau ɗaya a kowane juyi biyu, idan yana juyi 6,000 a minti da totur a buɗe gaba ɗaya, yana neman iska har lita 450 a minti a lissafi, a zahiri ƙasa da haka kaɗan. A silo kuwa ɗan ƙaramin kaso na wannan yake buƙata, wanda ko filtar da ta yi nisa da toshewa za ta iya bayarwa. Saboda haka gwajin toshewa a kan hanya ake yinsa. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ko hawa mai sauƙi da ka saba bi, ka buɗe totur a babbar giya cikin iyakar gudun da doka ta yarda da shi, ka kwatanta da yadda ka san babur ɗin. Filtar da ta toshe tana barin babur ya tashi lafiya a ƙaramin gudu, amma idan aka nemi ƙarfi sai ya yi nauyi, sautinsa ya dushe, ya riƙa sarƙewa kafin ya kai inda ya saba kaiwa.

A babur mai kafireta akwai ƙarin alamomi, domin idan iska ta ragu zuƙar tana jawo fetur fiye da ƙima. Za ka ga baƙin hayaƙi idan aka murɗa totur da ƙarfi, bakin salansa ya yi baƙin gari busasshe, hayaƙin kuma yana warin ɗanyen fetur. Idan abin ya yi tsanani, babur yana tashi da sanyin safiya ba tare da an ja cok mai rage iska ba, amma da ya yi zafi sai ya fara gardama. Shan mai ma yana ƙaruwa, kuma hanyar tabbatarwa ita ce ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka sake cikawa bayan tafiya, ka raba kilomitar da yawan litar. Alal misali, babur ɗin da ya saba cin kilomita 200 da lita 5, wato 40 a kowace lita, idan ya koma shan lita 6 a tafiya iri ɗaya ya sauko zuwa kimanin 33, kuma wannan bambanci ne da ya cancanci bincike.

Babur mai injekta dabam ne. Kwamfutarsa tana auna iskar da ke shiga, a yawancinsu kuma tana auna hayaƙin da ke fita, sai ta rage fetur daidai da raguwar iska. Don haka filtarsa tana iya toshewa ba tare da baƙin hayaƙi ko ƙarin shan mai na a zo a gani ba, abin da kawai za ka ji shi ne raguwar ƙarfi a babban gudu. Mai irin wannan babur ya fi kowa buƙatar dogaro da ido da lissafin kilomita.

Idan kana da sifanar fulogi, cire shi ba babban aiki ba ne, kuma yana ƙara haske. Ka bari injin ya huce, ka share ƙurar da ke zagaye da shi kafin ka kwance, domin kada ta faɗa silinda. Tangaran ɗin bakinsa idan ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, cakuɗin iska da fetur daidai yake. Baƙi busasshe yana nufin fetur ya rinjayi iska, wanda ya dace da toshewa. Fari fat yana nufin iska ta yi yawa, sai a nemi inda take shiga. Baƙi mai jiƙe da maiƙo kuwa baƙin mai ne yake ƙonewa, matsalar ta wuce filta.

Sai dai ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ba ta filta kaɗai ba ce. Cok da ya maƙale, ko fetur da ya hau sama da ƙima a cikin kafireta, suna kawo baƙin hayaƙi iri ɗaya, haka nan birki mai kamawa, ko taya marar isasshiyar iska, ko kuloci mai santsi, duk suna rage gudu su ƙara shan mai. Shi ya sa nake ganin bai kamata a yanke hukunci da alama ɗaya ba. Idan abin da ka gani da tocila ya yi daidai da abin da ka ji a hanya, ka sami amsa. Idan filtar tana da sarari a ido amma babur yana nauyi, ka nemi dalilin a wani wuri kafin ka taɓa akwatin.

Lokacin da buɗewa ta zama dole

Dubawa daga waje tana da iyaka, domin ba ta nuna bayan filtar, ba ta kuma nuna yadda gefenta ya zauna a mazauninsa. Ka buɗe akwatin idan kilomitar da littafi ya ƙayyade ta cika, wadda ga filtar takarda a babura da yawa tana tsakanin 10,000 zuwa 20,000, ta soso kuwa tana buƙatar wanki tun kafin haka da nisa, kuma litattafan da kansu suna cewa a gajarta wa'adin ga mai bin hanyar ƙura ko ta ruwa. Ka buɗe idan babur ya shiga ruwa mai zurfi, kuma a wannan halin kada ka tayar da shi tukuna, domin ruwa ba ya matsuwa a silinda, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Ka buɗe idan ka ga alamar ɓera, ko soso mai marmashewa, ko takarda mai tabon ruwa, ko tsakuwa a tiyon ƙasa, haka kuma idan ka sayi babur na hannu wanda ba ka san tarihin filtarsa ba.

Idan ranar ta zo, ka goge wajen akwatin da ɗanyen ƙyalle kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, ka zaro filtar a hankali fuskarta mai ƙura tana kallon waje, sannan ka shafa yatsa mai tsabta a bangon ciki na ɓangaren bayanta. Ɗan maiƙo ba komai ba ne, amma gari ko tsakuwa a wurin yana nufin sai an gano ta inda suka shiga kafin a rufe, in ba haka ba sabuwar filtar ma za a kauce mata. Idan ka toshe hanyar kafireta da ƙyalle yayin aikin, ka tabbatar ka cire shi kafin ka mayar da murfi. Ka ɗaure sukurorin bi da bi daga kusurwa zuwa kishiyarta domin murfin ya zauna daidai, ka tayar da babur ka maimaita gwajin tafin hannu, sannan ka rubuta kwanan wata da kilomitar ranar a littafin babur ɗin, tare da ɗaukar hoton sabuwar filtar ta bakin shigar iska, wanda da shi za ka riƙa kwatanta abin da tocila za ta nuna maka a dubawa ta gaba.